Injin turbo mai ƙarfin doki 600: a ƙara wa na asali, a gina cikinsa, ko a sauya shi?

Mafi yawan masu tambayar nawa ake kashewa wajen haɗa injin turbo mai ƙarfi sukan fara ne da duba farashin turbon kansa, wato na'urar da hayaƙin inji yake juyawa ta cusa wa injin ƙarin iska, domin shi ido yake fara gani idan an ɗaga bonet, shi ne kuma yake ɗauke da sunan da ake tinƙaho da shi, ko na kamfanin Garrett, ko BorgWarner, ko Precision. Amma duk wanda ya taɓa bin irin wannan aiki tun daga ranar da aka sauke inji har ranar da motar ta koma kan kwalta ya san cewa turbo ƙaramin kaso ne a cikin lissafin. Abin da yake yanke yawan kuɗin shi ne injin da aka fara da shi, da kuma yawan ƙarfin da ake son tatsowa daga kowace lita ta girmansa. Hanyoyin da ke gaban mai wannan niyya uku ne: ya bar cikin injinsa yadda kamfani ya yi shi ya ƙara masa iska da mai, ko ya wargaza shi ya zuba masa kayan da suka fi ƙarfi, ko kuwa ya cire shi ɗungurungum ya ɗora wani.

Kafin a shiga maganar kuɗi, wajibi ne a tsayar da lambar da ake nufi. Kamfanonin mota suna auna ƙarfi a bakin karanshaf, sandar da take fitar da juyin inji zuwa giya, su kuwa masu ƙara wa mota ƙarfi a taya suke aunawa, a kan na'urar da ake ɗaure mota ta yi ta gudu a wuri ɗaya, wadda suke kira daino. Tsakanin wuraren nan biyu giya da shaf da aksil suna cinye wani abu, wanda aka saba ƙiyasta shi a kan kashi 15 cikin ɗari ga motar da take ja da tayoyin baya. Ke nan doki 600 a taya ya kai kusan 700 a inji, kuma ɗarin nan da ke tsakani ya isa ya fitar da mutum daga aikin da ba a taɓa cikin inji ba ya jefa shi cikin wanda sai an kwance komai. A wannan kwatanci doki 600 a inji ake nufi. Akwai kuma bambanci mai girma tsakanin injin da zai ba da wannan ƙarfi na daƙiƙa goma a tseren mita 402, da wanda zai yi minti ashirin yana kewaya filin tsere, da wanda za a riƙa tayarwa kowace safiya har shekara biyar.

A gaɓar teku matsin iska kusan bar 1 ne, wato psi 14.7. Idan turbo ya ƙara wani bar 1 a kai, inji yana shaƙar kusan ninkin iskar da ya saba, kuma idan an ba shi man da ya dace da ita, ƙarfinsa yakan kusa ninkawa. Daga nan lissafin yake fitowa fili. Injin lita 5.3 mai silinda takwas wanda dama yake ba da kusan doki 300 ba tare da turbo ba, bar 1 ko abin da ya ɗan ɗara haka zai kai shi 600, kowace lita tana ɗaukar doki 113, kowane fistin yana ɗaukar 75. Injin lita 3 mai silinda shida zai ɗora 200 a kan kowace lita, 100 a kan kowane fistin. Injin lita 2 mai silinda huɗu kuwa sai ya tatso 300 daga kowace lita, 150 daga kowane fistin, da matsin da yakan kai bar 2 ko ya wuce. Lambar da za a gani a takardar daino ɗaya ce a duka ukun, amma na farko ana iya kai shi can da kayan cikinsa na asali, na ƙarshe kuwa da wuya a tsira ba a sauya masa fistin, da kwanrod (sandar da take haɗa fistin da karanshaf), da kusoshin da suke ɗaure kan inji ba.

Abubuwa biyu ne suke kashe injin turbo, kuma sanin su yana nuna inda ya kamata kuɗi ya tafi. Na farko shi ne ƙarfin murɗawa mai yawa a lokacin da inji bai ɗauki gudu ba, wanda yakan lanƙwasa kwanrod. Na biyu, wanda ya fi ɓarna, shi ne ƙwanƙwasa, wato ragowar cakuɗen mai da iska ya fashe da kansa saboda zafi da matsi kafin wutar fulogi ta iso gare shi, ya daki kan fistin kamar an sa guduma. Wannan ba shi ake nufi ba idan an ce inji ya buga, sai dai shi ne hanya mafi kusa zuwa can. Kwanrod mai tsada yana maganin matsala ta farko, ta biyu kuwa babu ƙarfen da yake jure mata na dogon lokaci, maganinta isasshen mai ne mai kyau, da iska mai sanyi, da saiti na ƙwararre.

Saboda haka akwai kuɗin da babu hanyar da ta kuɓuta daga gare shi cikin ukun nan, kuma man fetur ne kan gaba. Injin turbo mai shan fetur yana ƙona kimanin kilo 0.27 a awa ɗaya domin kowane doki idan an taka shi har ƙasa. A doki 600 wannan ya haura kilo 160, wato kusan lita 220 a awa. Idan silinda shida ne, kuma ba a son nozul, wato abin da yake fesa wa silinda mai, ya wuce kashi 80 cikin ɗari na iyawarsa, kowane nozul sai ya iya zuba kusan cc 800 a minti ɗaya, alhali Toyota Supra ta kasuwar Amurka da cc 550 ta fito, ta Japan kuma da 440. Famfon mai na kamfanin Walbro da aka sani da lita 255 a awa a takarda kamar ya wadatar, amma yawan abin da yake turowa yana raguwa yayin da matsin mai yake hawa tare da matsin turbo, har ya zama babu rara. Wanda ya zaɓi E85, man da mafi yawansa etanol ne, zai sami kariya mai kyau daga ƙwanƙwasa, amma zai buƙaci ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari na yawan mai, wanda yake nufin nozul na cc 1,000 ko fiye, da famfo biyu ko ɗaya babba, da bututu da matata waɗanda etanol ba ya cinye su.

Bayan mai sai kwamfutar inji da wanda zai saita ta. A motocin da ake iya buɗe kwamfutarsu ta asali a sake mata lissafi, wannan shi ne mafi sauƙi, kuma agogon gaban direba da na'urar sanyi da sauran kayan lantarki suna ci gaba da aiki yadda suke. Inda ba ta buɗuwa, ko an sauya inji, sai an sayi mai zaman kanta irin ta Haltech ko Link ko MoTeC, a kuma biya kuɗin sabuwar wayarin, aikin da yake cin kwanaki kuma ba kowane mai gyaran waya ne ya iya shi ba. A ganina ladan mai saiti shi ne wurin da tsumulmula ta fi cutarwa. A ɗakin daino mutumin nan yana zaune da kwamfuta a cinya da abin sauraro a kunne wanda aka haɗa da jikin bulok, wato gangar injin da silinda suke ciki, yana matsar da lokacin tashin wuta digiri ɗaya bayan ɗaya, yana kallon ko ƙarfi yana ƙaruwa, da zarar ya ga ƙarin ya tsaya ko ya ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, sai ya ja baya ya bar tazara. A cikin wannan tazara injin zai rayu ranar da aka sha mai maras kyau ko rana ta yi zafi. Na'urar sanyaya iskar turbo, da lagireto mafi girma, da salansa mai faɗi, da ƙofar da take rage wa turbo hayaƙi domin kada matsi ya zarce, duk suna cikin wannan kaso na dole.

Hanya ta farko, wato barin cikin inji yadda yake, ita ce mafi araha da nisa, amma ga wanda ya yi sa'ar inji kawai. Wanda ya fi suna a nan shi ne 2JZ-GTE na Supra da ta fito a 1993, mai lita 3 da bulok na baƙin ƙarfe. A Japan an rubuta masa doki 280 saboda yarjejeniyar da kamfanonin ƙasar suka yi a tsakaninsu ta kada a bayyana abin da ya wuce haka, a Amurka kuma 320, amma an yi shi da rarar ƙarfi mai yawa, har ya zama sananne cewa yana ɗaukar 600 ba a taɓa fistinsa ba. Matsalarsa a yau ita ce sunan nan ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, ga shi kuma mafi ƙuruciya a cikinsu ya haura shekara ashirin, don haka mai saye ba ya sanin irin wahalar da aka ba shi kafin ya iso hannunsa. Barra mai lita 4 da Ford ya yi a Ostareliya daga 2002 zuwa 2016 yana da irin wannan hali, haka ma B58 na BMW da ya fito a 2015, ko da yake shi wannan famfonsa na mai mai matsi da kwamfutar da aka kulle a sababbin motoci su ne suke fara tare hanya tun kafin ƙarfe ya gaji.

Mafi arahar doki a wannan fage yana wajen injinan LS na General Motors, musamman masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 da aka sa wa manyan motocin ɗaukar kaya tun daga 1999, domin an yi su da yawan gaske kuma kayansu ba sa wuyar samu. An sha nuna irinsu suna haura doki 1,000 a kan daino na ɗan lokaci da fistin na asali, abin da bai kamata a ɗauke shi ma'aunin tsawon rai ba, amma ya nuna cewa 600 ba kan iyaka ba ne a wurinsu. Aiki ɗaya da masu hankali ba sa tsallakewa shi ne buɗa bakin ringi. Ana zare fistin, a saka ringin shi kaɗai a cikin silinda, a daidaita shi, a zura siririn ma'auni a tsakanin bakinsa biyu, sannan a goge bakin da ƙaramin dutse kaɗan-kaɗan har tazarar ta kai abin da ake so, a yi wa kowane ringi haka ɗaya bayan ɗaya. Dalili shi ne zafin turbo yana sa ringi ya miƙe, idan bakunan biyu suka haɗu ba su sami wurin zuwa ba sai su ɓalle gefen fistin. Aikin na yini ɗaya ne da kuɗin gasket, amma yana hana asarar inji sukutum. A ɗaya ɓangaren akwai injinan da wannan hanya ba ta karɓe su ba a wannan mataki, kamar EJ257 na Subaru WRX STI, wanda aka san shi da tsagewar fistin a gurbin ringi tun kafin a je ko kusa da 600.

Hanya ta biyu ita ce gina cikin inji, kuma a nan ne kasafin mutane ya fi rushewa, domin jerin kayan da ake gani a kasuwa rabin labarin ne. Fistin na asali galibi na zubi ne, wanda ake narka alminiyam a zuba a mazubi, shi kuwa na gini na ƙira ne, wanda ake matse ƙarfen da ƙarfi har ya ɗauki siffa, shi ya sa yake lanƙwasa kafin ya fashe. Ko a cikin na ƙira akwai zaɓi mai tasiri. Nau'in 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, ba ya kumbura sosai da zafi, yana aiki shiru kuma yana daɗewa, don haka ya fi dacewa da motar hawa. Nau'in 2618 ya fi jure duka, amma yana kumbura da yawa, dole a bar masa tazara mai faɗi a silinda, sai ya riƙa kaɗawa da safe kafin inji ya yi ɗumi, kuma yana saurin cinyewa. Mutane da yawa suna sayen na biyun saboda an ce ya fi ƙarfi, su ƙare da injin tsere a motar zuwa aiki. Kwanrod na ƙarfen 4340, da kusoshin kai irin na kamfanin ARP, da gasket mai falle-fallen ƙarfe, da metal sababbi, wato siraran ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu, da famfon baƙin mai, da sifirin na bawul masu ƙarfi, su ne sauran abin da ake saya.

Ɗaya rabin kuwa aikin hannu ne da na injin gyaran ƙarfe: wanke bulok da binciken tsaga, faɗaɗa silinda da goge ta daidai da kowane fistin, daidaita fuskar bulok da ta kai domin gasket ya zauna, auna nauyin karanshaf da kwanrod da fistin a daidaita su, sannan haɗawa, inda ake auna tazarar metal da ma'aunin da yake gane kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ba abin mamaki ba ne ladan wannan aiki ya yi kusa da kuɗin kayan, kuma wurin da ya iya shi yakan riƙe inji watanni saboda layi. Wasu injinan suna da nasu ƙarin na musamman: EJ na Subaru yakan buƙaci a toshe saman bulok domin silinda ta daina motsi, RB26 na Nissan Skyline GT-R na farko-farko yana buƙatar a gyara wurin da karanshaf yake juya famfon baƙin mai, bulok na alminiyam da yawa kuma sai an dasa musu hannun riga na ƙarfe a cikin silinda. Abin da ake samu a madadin wannan kuɗi shi ne rara da kwanciyar hankali, da damar ƙara matsi nan gaba ba tare da an sake sauke inji ba, da kuma riƙe motar a kan asalinta. Abin da ba a samu shi ne tabbaci, domin injin da aka gina da hannu ingancinsa bai wuce na hannun da ya haɗa shi ba, kuma kusan babu mai ba da garanti a kan injin da za a matsa wa bar 2.

Hanya ta uku, sauya inji, a takarda tana kama da wayo: maimakon a kashe dukiya a kan ƙaramin inji mai rauni, a sayi babba mai ƙarfi a ɗora. Idan haɗin sananne ne, kamar LS a cikin Nissan 240SX ko Mazda RX-7, inda ake sayar da ƙafafun inji da kaskon baƙin mai da wayarin a shirye, lissafin yakan fita. Idan kuwa haɗin baƙo ne, kowane ƙaramin abu sai an ƙera shi: mazaunin inji, farantin da zai haɗa shi da giya, shaf mai tsawon da ya dace, bututun hayaƙi da zai kauce wa sitiyari, hanyar ruwa, da sulhunta sabon inji da lantarkin tsohuwar mota. Ladan awa-awa na mai walda da mai waya shi ne yake cinye ribar da aka hango. Akwai kuma sabon inji na cikin akwati daga kamfani, wanda yake ba da ma'auni mai amfani ga mai son sanin inda farashi yake tsayawa. Hellephant da Mopar, sashen kayan gyara na kamfanin Chrysler, ya nuna a 2018, mai lita 7 da doki 1,000, an sa masa dala 29,995 a 2019, kuma kwamfuta da wayarinsa daban aka sayar da su. Shi ba turbo ne yake hura masa iska ba, na'ura ce da bel yake juyawa, amma darasin ɗaya ne: wannan kuɗin inji ne tsura a ƙasa, ba giya, ba mai, ba sanyaya, ba ladan ɗorawa.

Ko wace hanya aka bi, tsugune ba ta ƙare ba sai ƙarfin ya isa ƙasa. Kulocin asali yakan fara zamewa tun a gwajin farko, giyar da aka yi domin doki 250 kuma ba ta daɗewa a hannun 600. Shi ya sa ake neman giya irin Tremec T56 Magnum, ko CD009 ta Nissan 350Z, ko ZF mai giya takwas, ko tsohuwar TH400 ga masu tseren miƙaƙƙiyar hanya, kuma kowace da kuɗin haɗa ta. Bayan giya akwai aksil, da birki, da taya mai riƙe ƙasa. Sai doka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Amurka cire kayan tace hayaƙi daga motar titi laifi ne, Kalifoniya tana neman shaidar amincewa a kan kayan da aka ƙara, a Jamus kuma sai an duba sauyin an shigar da shi takardun mota. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya idan ba a sanar da shi ba.

Idan aka jera su, zaɓin ya danganta ne da injin da yake cikin motar yanzu. Wanda yake da inji mai lita 3 zuwa sama daga cikin waɗanda aka san su da juriya, kuma gwajin matsin silinda da na baƙin mai ya nuna lafiyarsa ƙalau, hanya ta farko ce tasa, kuma kuɗin da zai kashe a fistin gara ya zuba shi a mai, da sanyaya, da saiti, da giya, ya kuma sa mai saiti ya rage ƙarfin murɗawa a ƙasan gudu domin kwanrod ya huta. Wanda yake da silinda huɗu kuma ba ya son rabuwa da injinsa, to ya gina tun farko, kada ya ce bari ya gwada na asali ya ga inda zai kai, domin kwanrod idan ya karye yakan huda bulok ya fito, tarkacensa su bi ta turbo da kai, a wayi gari garin gyaran gira an rasa ido, a biya kuɗin gini a kuma biya na sabon bulok. Sauya inji ya dace da wanda injinsa ba shi da kayan ƙari a kasuwa, ko wanda burinsa ya wuce 800, da sharaɗin haɗin ya zama wanda wasu suka riga suka share hanyarsa.

Akwai kuma tambayar da ta cancanci a yi wa kai kafin a sayi ko da kusa ɗaya, wato ko 600 ɗin ake bukata. A injin lita 2, sauka zuwa 400 yana iya cire gini da sauyin giya daga lissafi a motoci da dama, ya kuma ba da damar sa ƙaramin turbo mai saurin cika, wanda a titi ya fi daɗin tuƙi fiye da babba da ba ya farkawa sai allurar gudun inji ta wuce juyi 4,500 a minti. Wanda ya tsaya a kan 600 duk da haka, ya ware wani kaso na kasafinsa a gefe tun kafin a kwance noti na farko, domin sai an buɗe inji ake ganin karanshaf da ya ci ko kai da ya tsage, kuma bayan an tayar da shi akwai canjin baƙin mai na farko, inda ake yanka matatar a buɗe takardarta a ƙarƙashin fitila ana neman ƙyallin garin metal, kafin a yarda a mayar da motar kan daino a ƙara mata matsi.